Kwana Nawa Ne, Auta?

Laraba

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da aikinka. Mu nan da sauƙi. Maigidana lafiya lau, ni ma ciwon bayan nan ne kawai na zaman keken ɗinki, ka san shi.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna bayan shekara shida. Direban da ke kai muku kaya tashar famfon ruwa ne ya ce ya san ka. Ya ce a can waya ba ta kamawa, sai dai takarda.

Sau uku ina zama in rubuta, har na yaga takarda biyu. Bari in faɗa a taƙaice.

Inna ta tafi jiya Talata da hantsi. A gabana, a tsakar gida. Ban iya riƙe ta ba. Ina ji ina gani suka ɗauke ta. Takalmanta suna nan inda ta cire su, na kasa taɓawa.

Gidan cike yake da mutane, kowa da abin da yake faɗa, ni kuwa na rasa wanda zan yi wa magana. Kai kaɗai ka faɗo min a rai.

Kwana nawa ne, Auta? Wancan karon kwana tara ka yi. Faɗa min, wannan karon kwana nawa ne?

Yayarka

Lahadi

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni yau da azahar. Lafiyata ƙalau, ko in ce ƙalau nake kafin in buɗe ta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. A ɗakin inji na karanta. Na kashe famfo na biyu ban san na kashe ba, sai da mai gadi ya leƙo yana tambaya ko wuta ce ta ɗauke.

Na yi kuka, na yi mata addu'a, sannan na sake karanta layinki na ƙarshe. Yaya, ko a ranar makoki ba ki ajiye gori ba? Kwana nawa zan ɓace wannan karon, abin da kike tambayata ke nan?

Tun da kin tono, bari in tuna miki. Baba yana kwance numfashi yana sarƙe masa, kika miƙo min takardar likita kika ce in hau babur in sayo allura a babban kantin magani na bakin gada. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Na sayo. A hanyar dawowa inuwa ta rufe ni, alhali babu ko ɗigon gajimare. Da na farfaɗo, ga ni a wurin, babu babur, allura tana aljihuna. Na ɗauka sace babur ɗin aka yi, na ruga gida da ƙafa ina cewa ai ban daɗe ba. Na tarar an binne Baba kwana tara da suka wuce.

Na faɗa muku gaskiya. Na ce wani abu ne ya sauko daga sama ya ɗauke ni, a cikinsa akwai halittun da ba mutane ba, ba kuma aljanu ba. Kika miƙe a gaban jama'a kika ce ƙwaya na sha, na je na yi sharholiyata. Kika ce a wurinki da Baba da Auta rana ɗaya aka binne su. Inna tana zaune tana kuka, ba ta ce komai ba. Washegari na ɗauki jakata.

Ba zan zo ba. Wanda aka binne ba ya zuwa gaisuwa.

Abu ɗaya nake so ki faɗa min. Na ji an ce mantuwa ta kama ta shekara biyun nan. Ta taɓa kiran sunana?

Auta

Juma'a

Auta,

Gaisuwa a tsaye, don ba ni da natsuwar zama in yi ta. Ina fatan kana lafiya. Ni ba na cin abinci sosai, amma ƙafafuna suna ɗauke da ni.

Inna ba ta mutu ba! Kai har yanzu karatu kake kamar wanda kare ya biyo. Da na gama takardarka na zauna a ƙasa na ɗora hannu a ka. Amma da na tuna abin da na rubuta, na ga laifina ne. Hannuna ne ya ƙi rubuta abin ƙarara, saboda wanda zan rubuta wa kai ne.

To ga shi ƙarara. Ina shanya a igiya. Inna tana kan farar kujerar robarta a gindin katanga, tana ninke ƙyallayen da nake tara mata, don in hannunta yana aiki ba ta neman ƙofa. Sai kajin maƙwabta suka yi tsit lokaci ɗaya. Na ji ɗanɗanon ƙarfe a bakina, kamar na daɗe riƙe da allura a leɓe. Inuwa ta rufe tsakar gidan, zagayayya, kamar an zana ta da alli. Na ɗaga kai. Abu ne kamar kwanon wanki a kife, ya fi gidan faɗi, kuma ko ƙarar sauro ba ya yi. Ƙafafuna suka kafe. Inna kuwa ta ɗaga kai ta yi dariya kamar ta ga baƙon da ta daɗe tana jira. Ta tashi sama a hankali, ƙyalle ɗaya a hannunta. Sai rana ta dawo.

'Yan sanda biyu sun zo. Ɗayan yana rubutawa, da na kai wurin kwanon ya ajiye biro ya ce, "Hajiya, akwai maganin da kike sha?" Maƙwabta sun gama yanke hukunci, wai ƙofa na bari a buɗe tsohuwa ta fita. Maigidana yana yawo tasha-tasha, asibiti-asibiti da hotonta. Bai taɓa ce min ƙarya nake ba. Kallona kawai yake yi, kuma na san kallon, don da shi na kalle ka.

Abin da na tambaye ka ke nan: kwana nawa suke riƙe mutum? Jiya kwana tara suka cika. Tun fitowar rana nake zaune a tsakar gida har ta faɗi, wuyana ya ƙage don kallon sama. Babu komai.

Bakina bai saba da ba da haƙuri ba, balle hannuna. Amma gani ya kori ji.

Ka faɗa min abin da ke can. Suna cutarwa? Akwai sanyi? Ba ta da mayafi, kuma maganinta na hawan jini yana nan a kan taga.

Kan tambayarka: tana kiranka. Ni ce ta daina ganewa, wani lokaci ce min take "baiwar Allah". Amma in mai gyaran wuta ya shigo, ko mai kawo ruwa, sai ta ce, "Auta, ka ci abinci?"

Yayarka

Talata

Yaya,

Na amsa gaisuwarki. Lafiyata lau. Ke kuma ki ci abinci, ko ba kya so, don in ta dawo ta same ki a kwance wa zai ɗaga wani?

Kwana tara na yi ina zaman makokin wadda ke da rai. Da takardarki ta zo na yi ta dariya ina hawaye, har mai gadi ya ja da baya. Ki yafe min maganar wanda aka binne. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Ga abin da na sani, kuma ba shi da yawa. Ba sa duka, ba sa tsawa. Ɗakin fari ne, babu kusurwa, babu fitila amma ko'ina haske. Babu sanyi, babu zafi. Su dogaye ne sirara, idanunsu manya, ba sa ƙiftawa. Ba su yi min magana ba. Sun jujjuya ni kamar yadda kike jujjuya yadi kafin ki sa almakashi, suka taɓa bayan kunnena da wani abu, shi ke nan. A wurina duk abin bai kai awa ɗaya ba. Saboda haka ki daina lissafin magani. A lissafin jikinta wataƙila ko lokacin shan na rana bai yi ba.

Kwana nawa kuwa, wallahi ban sani ba. Nawa tara ne, nata sai Allah. Amma inda suka ɗauka nan suke ajiyewa, ko taku ɗaya ba su kauce da ni ba. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ki ɗauke kujerar, ki shimfiɗa katifa a wurin. Ki cire igiyar shanya. Ki ajiye ruwa kusa, don ƙishirwar da za ta dawo da ita ba irin wadda kika sani ba ce. In ta dawo kada ki bar mutane su yi mata rumfa, kada kuma kowa ya tambaye ta ina ta je. Tambayar nan ta fi ɗaukewar ciwo.

Na nemi izinin tafiya. Shugabanmu ya ce sai an turo wanda zai karɓe ni, kwana goma ko fiye. Ni kaɗai ne makaniki a nan, garuruwa uku ke shan ruwan famfunan nan, har da asibiti. In na bar su suka tsaya, wasu ne za su shiga uku.

Gaskiyar ke nan, amma ba duka ba. Yaya, tsoron sarari nake ji. Aikin nan na zaɓe shi ne don rufinsa kankare ne. Daga ɗakina zuwa ɗakin inji taku arba'in ne, kullum da gudu-gudu nake yin su, kaina a ƙasa. Shekara shida ban tsaya a fili na ɗaga kai ba.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar nan, na hango abin tun daga nesa, a kan gonakin bayan gada. Da na ci gaba da tafiya, wataƙila da na wuce. Tsayawa na yi, na kashe babur, na tsaya kallo kamar wani ɗan yawon buɗe ido, allurar Baba tana aljihuna. Da kika ce ni na kashe Baba, abin da ya sa ban yi gardama da ƙarfi ba ke nan.

Ki rubuto ko babu labari.

Auta

Juma'a

Auta,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Ni yau lafiyata ta fi ta kowa a unguwar nan.

Ta dawo! Jiya Alhamis da la'asar, kwana ashirin da uku cif. Na gaji da kallon sama, na jawo keke bakin ƙofar ɗaki ina ɗinka rigar wata mata da ta fara yi min zarya. Sai na ji ƙarfen nan a bakina. Kafin in cire ƙafa daga keke, ga Inna zaune a kan katifa, ƙyallenta a hannu, tana dube-dube. Ta ce, "Wane ne ya fito da katifa tsakar gida? Ba ku da hankali ne?"

Ruwa kofi huɗu ta sha. Sannan ta dube ni ta kira ni da sunana, sunan yanka, wanda shekara biyu ban ji a bakinta ba. Ta ce na rame, ta ce kallabina bai dace da zanena ba. Auta, Innarmu ce ta dā, da bakinta da komai. Na duba bayan kunnenta, akwai ɗigo uku kamar sukar allura.

Maigidana ya shigo da hotunan da ya ƙara wankowa, ya gan ta, ya zube a bakin ƙofa. Na rufe gida kamar yadda ka ce. Masu son ganin ƙwaƙwaf suna ta bugu, na leƙa ta taga na ce musu tana barci.

Ban tambaye ta komai ba, ita ta fara. Ta ce, "Na ga inda aka kai yarona. Gaskiya ya faɗa, muka bar shi ya tafi da jaka ɗaya." Ta ce ina kake. Na ce kana hanya.

Kada ka mayar da ni maƙaryaciya, don likita ya zo yau da safe. Ya ce hankalinta garau, ya rasa yadda aka yi, amma zuciyarta ta gaji ƙwarai. Ya ja ni gefe ya ce duk wanda ke son ganinta ya zo yanzu.

Ka faɗa min naka, bari in faɗa maka nawa. Maganar tsayawarka kallo, ka ajiye ta. Baba ya cika tun kafin azahar, likitan ya ce ko da allurar ta iso ba za ta canja komai ba. Na san haka tun ranar. Ban faɗa maka ba, saboda ina neman wanda zan ɗora wa, kai ne kuma ba ka nan.

Na biyu ya fi muni. Takardu biyar ɗin da ka aiko wa Inna a shekarar farko, ni na karɓa. Na sa su a ƙasan akwatin zare, ban karanta mata ko ɗaya ba. Ta yi ta cewa ko layi ɗaya yaron nan bai aiko ba, ina jin ta ina shiru. Yau na fito da su na karanta mata duka. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce min, "Ke da Allah." Ba ta ƙara ba. Da mari ta yi min da ya fi sauƙi.

Ka zo. Ka rufe kanka da bargo a mota in sararin ne matsala, amma ka zo.

Yayarka

Alhamis

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mu muna nan yadda Allah ya so.

Inna ta rasu ranar Talata da safe, wajen ƙarfe tara. Rasuwa nake nufi, ta gaskiya. An yi jana'izarta a ranar, tana kusa da Baba.

Kwana goma sha biyu ta yi da mu, kuma ba ta ɓata ko ɗaya ba. Ta sa an kira mutanen da ta manta ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ta gyara min wuyan wata riga da na yi kwana biyu ina fama da ita. Kullum in an buga ƙofa sai ta gyara zama ta ce, "Duba ko shi ne." A ranar ƙarshe ba ta ce a duba ba. Ta ce in faɗa maka ba ta riƙe ka da komai ba, kai ma kada ka riƙe ta da shirun da ta yi ranar da na tozarta ka. Ta ce tsorona ta ji. Ka ji irin 'yar da na zama, uwata tana tsorona. Ta sha ruwa, ta ce in gyara mata matashi, ina gyarawa ta tafi.

Ba ka zo ba, ba ka kuma rubuto ba. Direban ban ƙara ganinsa ba, a ofishinsu nake ajiye takarda. Na yi ta juya abin a raina. Na ce ko maganar takardu biyar ɗin ce ta sa ka rufe ƙofa. In ita ce, ban ga laifinka ba.

Amma ga abin da ya faru jiya. Falo cike da masu gaisuwa, sai Gwaggo ta ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Shi dai wannan yaro ba a taɓa binne nasa yana nan ba. Wannan karon kuma wace tatsuniya zai kawo?" Wasu suka yi 'yar dariya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Gwaggo, ƙanena bai taɓa yi mana ƙarya ba. Akwai abin da ya hana shi. Ban san ko mene ne ba, amma akwai. Wanda bai yarda ba, ga ƙofa." Gwaggo ta ja mayafi ta fita, mutum uku suka bi ta. Maigidana ya ce tun da ya aure ni bai taɓa ganin na yi rashin kunyar da ta burge shi ba sai jiya.

Na ce maka hannuna bai saba ba. Yau zan koya masa. Ka yafe min, Auta. Na zalunce ka, na raba ka da uwarka shekara shida, kuma ba ni da abin da zan mayar maka da su.

Mu biyu muka rage. Ko ba za ka zo ba, ka aiko da layi ɗaya in san kana raye.

Yayarka

Litinin

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina raye, lafiyata ƙalau. Allah ya jiƙan Inna, ya haɗa ta da Baba a inda babu rabuwa. Ya ba mu haƙuri, ni da ke.

Ruwa ne ya cinye hanya. Kwana goma sha takwas babu motar da ta iso nan, har abincinmu ya kusa ƙarewa. Yau direba ya zo ya miƙo min takardunki biyu a haɗe. Ban duba wadda ta riga ba, na buɗe ta sama. Saboda haka sai da na karanta rasuwarta, sannan na karanta dawowarta. Na zauna ina jin ta tana faɗan katifa a tsakar gida, alhali na riga na san inda take kwance. Ban san yadda zan kwatanta miki wannan ba, ba zan ma gwada ba.

Na fita waje. Ban yi niyya ba, ɗakin ne ya yi min kaɗan. Na tsaya a tsakiyar fili na ɗaga kai na yi ta zaginsu, su da kwanonsu, har muryata ta dushe. Sannan na tuna su ne suka ba ki kwana goma sha biyu da ita tana cikin hankalinta, sai na rasa abin da zan ce musu. Har yanzu ban sani ba. Amma na kai minti goma a tsaye.

Maganar takardu biyar ta yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Maganar Baba ta fi. Da kin faɗa min tun lokacin, da na yi barci mai daɗi ko sau ɗaya a shekarun nan. Ina jin zan daɗe ina jin haushinki, wata rana ma zan tayar da maganar muna tsakiyar cin abinci. Amma na fi so in ji haushin ina zaune a falonki. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma ba a taɓa jin ɗaya ya bar wa ɗaya bakin ba. Na yafe, Yaya. Ke ma ki yafe min, don ƙofar da kika rufe ban taɓa dawowa na buga ba.

Gwaggo kuwa, ki bar ni da ita. Zan je har gida in gaishe ta, in zauna in ba ta labarin tun daga farko, dalla-dalla, sai ta roƙe ni in tashi.

Wanda zai karɓe ni ya zo a motar nan. Kwana huɗu zan yi ina nuna masa halin famfo na biyu, don sai an lallashe shi yake tashi. Direba zai riga ni isowa da takardar nan. Ni zan shigo motar safe, in iso ranar Asabar wajen azahar. Kada ki wahalar da kanki zuwa tasha, na san hanyar gida. Daga nan sai ki raka ni wurinsu su biyun, don ban taɓa ganin ko kabarin Baba ba.

Kada ki tsorata in kin gan ni. Na yi furfura a gemu, haƙorina ɗaya na gaba ya tafi, ƙarfe ne ya fizge ya same ni. Rigata ma duk baƙin mai ne, ki tanadi abin faɗa.

Ƙanenki,
Auta

Na sake karantawa kafin in rufe, na ga inda na ce kada ki zo tasha. Ba ni da wata takardar da zan sake rubutawa, direba kuma yana ta danna min oda. Ki yi kamar ba ki ga wannan layin ba. Ki zo.